Daga Hatimin Sarki Zuwa Madubin Rediyo: Tarihin Mabuɗin Sirri

Shekarun baya, ina koyar da 'yan ajin CM2 a wata makarantar firamare a ƙasar Magaria, na kama wata 'yar takarda tana yawo a ƙarƙashin tebura. Da na warware ta, ban ga harafi ko ɗaya ba, lambobi ne zalla jere a layi huɗu. Yara biyun da suka rubuta ta ko gezau ba su yi ba, don sun tabbata mushe ba zai gane komai ba. Da dare na kunna fitila na ƙirga lambar da ta fi yawa, na ce wannan ita ce "a", tunda duk mai rubuta Hausa ya san babu harafin da ya kai ta yawa. Daga nan sauran suka yi ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Kafin shayina ya huce na karanta saƙon: ranar kasuwa za su gudu daga aji su tafi kallon kokawa.

Washegari ban taɓa su ba. Tambaya ɗaya na yi musu: ta yaya kowannenku ya san lambar kowane harafi? Suka ce a hanyar rijiya suka haɗu suka tsara. Wannan amsa ta daɗe a raina, domin ita ce matsalar da ta dami sarakuna da sojoji da masana lissafi ɗaruruwan shekaru. Kulle saƙo yana da sauƙi. Abin da ke da wuya shi ne yadda mabuɗin zai isa hannun mutum biyu ba tare da na uku ya gani ba. Yau akwai masu bincike da ke ƙoƙarin ciro mabuɗin daga iskar da ke tsakanin wayoyi biyu, da taimakon wani allo mai mayar da sigina kamar madubi. Kafin mu kai can, bari mu fara daga gida.

A ƙarni na 19, ƙasarmu tana tsakanin manyan ƙasashe masu kallon juna da ido ɗaya. Bayan jihadi ya kori tsohon gidan sarautar Daura, zuriyarsa ta watsu zuwa Zango da Baure da Magaria. Dungass kuwa tana cikin ƙasashen Sosebaki tare da Mirriya da Wacha. Daga arewa ga Damagaram, wadda ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimun da ya rasu a 1884. Daga kudu ga Kano, daga yamma ga Daurar Fulani. A irin wannan wuri, kuskuren magana ɗaya yana iya jawo wa gari mahaya. Sarakuna suna aika wa juna wasiƙu, galibi da Larabci, malamin fada ya rubuta, a buga hatimi. Amma aikin hatimi shi ne ya shaida daga wurin wa takarda ta fito. Ba ya hana wanda ya tare manzo a hanya ya karanta. Shi ya sa maganar da ta fi nauyi sau da yawa a bakin manzo take tafiya, amintaccen da aka sani a fadar can da ta nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Manzon nan shi ne kwado, shi ne mabuɗi.

Abin da aka rubuta kuwa, ranar da gari ya faɗi yakan zama ganima. Da Ingilishi suka ci Sakkwato a 1903, sun sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. A 1927 wani jami'insu, H. F. Backwell, ya buga fassararsu a Ikko, duniya ta karanta abin da sarakuna suka faɗa wa juna a asirce game da zuwan Nasara.

Abin da ya faru a Zinder a 1906 ya fi kusa da mu. Shekarar ce ta boren Satiru kusa da Sakkwato, jim kaɗan bayan na Kobkitanda a yammacin Nijar, don haka hankalin Turawa a tashe yake. Faransawa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Bassa da ƙulla makircin kashe su, suka tuɓe shi, suka kai shi gudun hijira Kwaddebuwa, suka ɗora Bellama, wani bafade, a kan riƙon ƙasa. Sai a 1923 aka maido da sarautar. Har yau masana tarihi suna jayayya ko makircin na gaske ne ko ƙage ne. Amma ko wanne ne, maganar da ta kayar da sarki daga bakin mutanen da ke kusa da fada ta fito. André Salifou ya rubuta wasan kwaikwayo a kan lamarin, Mahamane Bakabé ya mayar da shi fim a 1982. Da ɗan gari akan ci gari. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Dabarar da na yi wa takardar yaran nan ba tawa ba ce. Malami Al-Kindi na Bagadaza ya rubuta ta a ƙarni na 9: ka ƙirga alamar da ta fi yawa a ɓoyayyen saƙo, ka gwada ta da harafin da ya fi yawa a harshen. Tun daga ranar, musanya harafi da alama ya daina zama kariya. Haka zaurancen da muka yi muna yara, inda "zo mu tafi" ke komawa "zobo mubu tabafibi". Ranar da iya ta gano ƙa'idar, zaurance ya mutu. A 1883 wani malamin harsuna, Auguste Kerckhoffs, ya kafa dokar da ake bi har gobe: ka ɗauka maƙiyi ya san yadda kwadonka ke aiki, sirrin ya kasance a mabuɗi kaɗai, mabuɗin kuma ya zama mai sauƙin canzawa. Kowa ya san fasalin kwadon da ake sayarwa a kasuwa. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne ɗan makullinka.

Da waya ta zo, matsalar ta ƙaru. Kalmar "tangaraho" da kakanninmu ke faɗa daga wayar telegiraf ta samo asali, irin wadda ta haɗa Zinder da sauran bariki lokacin da take babban birnin mulkin mallaka, daga 1911 zuwa 1926. Saƙon waya yana bi ta hannun ma'aikata da yawa, na rediyo kuma duk mai akwati yana iya kamawa. A 1917 injiniya Gilbert Vernam a Amurka ya ƙera hanyar gauraya saƙo da wani dogon mabuɗi, harafi da harafi. A 1949 Claude Shannon ya buga hujjar lissafi cewa idan mabuɗin na kan-mai-uwa-da-wabi ne, tsawonsa ya kai na saƙon, kuma sau ɗaya tak aka yi amfani da shi, babu mai iya fasa shi komai wayonsa. Sai dai wa zai kai mabuɗin? Layin gaggawa da aka shimfiɗa tsakanin Washington da Mosko a 1963 da irin wannan mabuɗi ya yi aiki, kuma ta ofisoshin jakadanci ake kai naɗaɗɗun faya-fayan mabuɗin hannu da hannu. Manyan ƙasashen duniya biyu, da duk makamansu, sun koma ga manzon Sarkin Damagaram.

A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka kawo mafita mai ban mamaki. Suka nuna cewa mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suna iya musayar wasu lambobi a bainar jama'a, kowa ya haɗa da tasa lambar da ya ɓoye, su ƙare da mabuɗi iri ɗaya. Mai satar ji ya ji duk abin da aka faɗa, amma kafin ya warware lissafin sai kwamfutarsa ta shekara dubbai. Jikokin wannan dabara ne ke cikin aljihunmu. Kamfanin salula na Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001. Cikin kowane pus ɗin waya akwai wani mabuɗi da kamfani ya dasa tun daga masana'anta, shi ke shaida wa eriya cewa layinka ne. WhatsApp kuwa, wanda da shi 'yan ci-rani ke turo wa gida murya daga Kano da Agadas da Libiya, tun Afrilun 2016 yake kulle saƙo daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa.

To me ya rage? Wannan kariya ta dogara ne a kan cewa lissafin yana da wuya. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa wata irin kwamfuta da ake kira ta kwantam, idan aka iya gina babba, za ta warware shi cikin sauƙi. Har yanzu ba a gina irin wannan babbar ba, amma tsoronta ya sa a watan Agustan 2024 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta fitar da sababbin hanyoyin kulle saƙo. Ga kuma ƙananan na'urori, irin na auna ruwan rijiyar burtsatse ko sanyin firjin rigakafi, waɗanda batirinsu da ƙwaƙwalwarsu ba sa son lissafi mai nauyi. Saboda waɗannan dalilai wasu masana suka waiwayi wata hanya dabam.

Duk mutumin Dungass ko Magaria ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Kana tsakar gida rezo sanda ɗaya, ka matsa taku biyu ya zama uku. Wani sai ya hau suri, wani yana da reshen bishiyar da yake rataya waya. Dalili shi ne sigina ba ta zuwa ta hanya ɗaya. Wata tana zuwa kai tsaye, wata ta bugi rufin kwano ta dawo, wata ta bugi katanga ko motar da ke wucewa. Idan suka haɗu a wayarka, wani wuri su ƙarfafa juna, wani wuri su kashe juna. Wannan hawa da sauka da muke tsine wa, shi ne ɗanyen kayan da ake ƙera mabuɗin da shi.

Abu biyu ne suka sa hakan ya yiwu. Na farko, hanyar rediyo iri ɗaya ce zuwa da dawowa. Ramin da motar da ta tashi daga Magaria zuwa Dungass ta faɗa, shi wadda ta taso daga Dungass za ta tarar, matuƙar hanya ɗaya suka bi a lokaci guda. Idan na'ura ta farko ta aika ɗan gwaji, ta biyu ta maido cikin ƙiftawar ido a kan mita ɗaya, dukansu za su auna kusan ƙarfi guda. Na biyu, mai satar ji da ke tsaye a wani wuri, tasa hanyar dabam ce. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango, mita 49 ko mita 31. Zangon salula ya fi wannan gajarta nesa ba kusa ba: a megahaz 900 kimanin santimita 33 ne, na Wi-Fi a gigahaz 2.4 kuma santimita 12 da rabi. A wurin da sigina ke karo da abubuwa da yawa, matsawar rabin zango, wato ƙasa da taƙi ɗaya, ta isa ta sa awon ya bambanta.

Aikin yana da mataki huɗu, kamar gyaran hatsi. Da farko awo: na'urorin biyu su yi ta aika wa juna gwaji suna rubuta ƙarfinsa. Sai mayarwa lamba: abin da ya haura matsakaici a rubuta 1, wanda ya gaza a rubuta 0. Sai daidaitawa: tunda ba a rasa 'yan kurakurai, su yi musayar wasu alamun dubawa a fili don gyara inda suka saɓa. Daga ƙarshe tankaɗe: a matse jerin lambobin ya gajarce, yadda ɗan abin da mai satar ji ya tsinta lokacin daidaitawa ba zai amfane shi ba. Idan aka tara 0 da 1 guda 128, yawan mabuɗan da maƙiyi zai gwada lamba ce mai gurbi 39.

Tunanin yana da nasa tarihi. A 1975 Aaron Wyner ya nuna cewa hayaniyar layi da kanta tana iya zama kariya idan mai satar ji ya fi mai karɓa shan wahalar ji. A 1993 Ueli Maurer, da kuma Rudolf Ahlswede tare da Imre Csiszár, suka kafa lissafin yadda mutum biyu za su tace mabuɗi daga wani abin da suka gani tare. A 1995 Hershey da Hassan da Yarlagadda suka ba da shawarar amfani da hanyar rediyo kanta. A 2008 masu bincike daga Jami'ar Rutgers da abokan aikinsu suka gwada da kayan Wi-Fi a cikin gini, suka sami kimanin lamba ɗaya a daƙiƙa. Shekara guda bayan haka, ayarin Jami'ar Utah ya fito da rauninta. Idan babu abin da ke motsi, awon ba ya canzawa, mabuɗin ya zama mai sauƙin hasashe. Har ma maƙiyi yana iya tare hanya ya buɗe, ya tare ya buɗe, ya rubuta wa mutane mabuɗin da yake so.

Wannan rauni kamar don ƙasarmu aka faɗe shi. Ku ɗauki na'ura a bakin rijiya da eriya a can nesa, tsakaninsu fili ne shimfiɗe, ga rana tsaka ta bazara, ko akuya ba ta motsi. Babu abin da sigina za ta buga, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, kuma wanda ya tsaya kusa da layin zai auna kusan abin da kuka auna.

Nan ne madubin ya shigo. Kowane malami ya taɓa fama da yaron da ke haska rana cikin aji da ɓallin madubi. Ya ɗan karkata hannu, hasken ya koma wani bango. Yanzu a ɗauki allo a jera masa ɗaruruwan ƙananan faranta na ƙarfe, kowanne da ɗan makunnin lantarki da ke sauya yadda yake mayar da siginar da ta buge shi. Allon ba ya juyawa, ba ya ƙirƙirar sigina tasa, wuta kaɗan yake ci. Wata 'yar kwamfuta ce ke ba kowane faranti umarni, sau da yawa a cikin daƙiƙa. Ayarin Cui Tiejun na Jami'ar Kudu maso Gabas da ke Nanjing a ƙasar Sin ya nuna irin wannan allo mai karɓar umarni a 2014. Asalin burin shi ne a karkata sigina zuwa lungun da rezo ba ya kaiwa, shi ya sa ake yawan ambatonsa a shirin 6G da ake sa ran gani wajen 2030. Amma wajen 2020 wasu, ciki har da masu bincike a birnin Bochum na Jamus, suka gwada shi a wani aikin: a bar farantan su yi ta sauyawa ba tsari. Sai hanyar da ta kwanta ta farka, awo ya yi ta hawa da sauka iri ɗaya a ɓangarorin biyu, mabuɗi ya samu ko da babu mai motsi a wurin.

Kada wani ya je kanti neman sa. Yawancin aikin yana ɗakunan gwaji, kuma wayar da ke hannunku ba da shi take kulle saƙo ba. Dabarar kuma ba ta gaya maka wane ne a ɗaya gefen; tana ba ka mabuɗi tare da wanda ka yi awo da shi, ko aboki ne ko ɗan damfara. Aikin hatimi yana nan bai ƙare ba.

Babbar tambayar ita ce: madubin a hannun wa yake? Masu binciken da kansu, ciki har da na Nanjing, sun nuna cewa allon da ke taimakawa yana iya cutarwa. Idan maƙiyi ne ke ba shi umarni, yana iya sauya shi tsakanin gwajin zuwa da na dawowa don awon ya saɓa, mabuɗi ya ƙi haɗuwa. Ko kuma ya yi ta juya shi bisa tsarin da shi ya sani, sai ya iya hasashen mabuɗin. Allon nan bafade ne da ke tsaye tsakanin mutum biyu. Mun ga abin da ya faru a Zinder a 1906. Wanda ya kafa allon a jikin bango, da wanda ya rubuta umarninsa, da dokar da ke kansa, su ne za su yanke ko sirrin namu ne. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum a 2017 wadda ta kafa hukumar HAPDP, ta yi dokar laifukan intanet a 2019, sannan a 2020 ta yi wadda ta ba hukuma damar sauraron wasu saƙonni saboda tsaro. Ya kamata 'ya'yanmu su tashi sun san akwai su, sun kuma san abin da suka ƙunsa.

'Yan'uwana malamai, wannan darasi ba ya bukatar kwamfuta. Ku ba aji saƙon lambobi su fasa da ƙirga, su ɗanɗani abin da Al-Kindi ya gano. Ku ba yara biyu bakin doguwar igiya, kowa ya rufe ido, wani ya riƙa jan tsakiyarta da ƙarfi ko a hankali, su rubuta 1 ko 0 sau ashirin, sannan a gwada takardunsu. Za su ga lambobin sun kusa zama ɗaya ba tare da sun yi magana ba. Daga nan ku tambaye su: wanda ke jan igiyar fa, me ya sani? Yaron da ya amsa wannan ya fahimci abin da ake rubuta manyan takardun bincike a kansa.

Iyaye kuma, ga abin da na gani da idona. Wani dattijo maƙwabcina ɗansa ya turo masa kuɗi ta waya daga ci-rani. Bai iya karatu ba, sai ya miƙa wayar ga wani saurayi a kasuwa, ya faɗa masa kod ɗinsa da ƙarfi kowa yana ji. Bayan kwana biyu asusun ya zama wayam. Babu wanda ya fasa lissafin Diffie da Hellman, babu wanda ya tare sigina a iska. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku zaɓi mutum ɗaya amintacce a gida ya riƙa taimaka wa tsofaffi. Kada kod ya zama shekarar haihuwa ko 1234. Lambar da aka turo ta saƙo kada a karanta wa wanda ya kira, ko ya rantse daga kamfani yake. In kod ya fita, a canza shi a ranar.

Yaran nan biyu na CM2 sun girma, ɗayansu yana gyaran waya. Kwanan baya na kai masa tawa ta lalace. Ya karɓa, ya duba, sannan ya miƙo mini ya kau da kai, ya ce, "Mushe, sa kod ɗinka da kanka."